Neman shawara: an sa min masta mai lamba 14 a birkin baya, ya daina kamu

Mai tambaya, daga Arkilla:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin birkin mai. Babur ɗina mai cc 250 ne, irin dogon nan na shiga daji, na hannu na saya, gaba da baya duk faifai ne. Da shi nake zuwa gona wajen Wamakko sau uku a mako. Wata biyu da suka wuce mastan baya, wato famfon da ke tura man birki in an taka mataki, ya fara yoyo, in na sauka sai in ga man birki ya jiƙa gefen takalmina. Mai gyaran da na kai wa ya ce babu irin nawa a kasuwa, ya ɗaura min wani ɗan Beljiyam mai lamba 14 a jiki, ya ce ai gara wannan, babba ya fi kamu. Nawa na asali 1/2 aka rubuta masa, yana nan a leda ban yar ba.

Tun ranar matakin ya yi tauri kamar dutse, in na taka sai na ɗora duk nauyina kafin tayar ta rage gudu. Shekaranjiya raƙumi ɗauke da kaya ya ratso min titi, da birkin gaba Allah Ya kuɓutar da ni. Yanzu wani ya nuna min mai lamba 11 na ƙaramin babur. In sa shi, ko in haƙura da 14 ɗin har ya saba?

Ɗan kabu-kabu, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa. Mu namu Boxer birkin sanda ne, amma ina ganin iska ce ta shiga tiyon. A cire iska ka gani.

Baba bakanike, Mabera:
A'a ɗana, wanga ba iska ba ce. Birkin da iska ta shiga laushi shikai kamar soso, ka taka shi nutse. Nashi tauri ya yi, ka ga ciwon daban ne.

Kai kuma mai babur, ka saurare ni. Lambar da anka rubuta jikin masta faɗin fistin ɗin ciki ce. 1/2 rabin inci ke nan, milimita 12.7. An ɗauke maka 12.7 an sa 14. Mutane da yawa suna zaton babba shi ne mai ƙarfi, alhali a birkin mai abin a juye yake. Babban fistin mai da yawa shika turawa, amma da ƙaramin matsi. Ƙarami mai kaɗan shika turawa da matsi mai ƙarfi. Ka ɗauki allura da tsinken tsire, ka danna kowane a tafin hannunka da ƙarfi iri ɗaya, wane zai fi shiga? To haka ne. Kuma ƙarfe bai sabawa, in ka shekara da 14 ɗin haka za ka same shi.

Malamin kimiyya a makarantar sakandare, Gawon Nama:
Baba ya gama magana, lissafin kawai zan ƙara don Malam ya ga girman abin da ido. Ba faɗin fistin ake dubawa ba, filin fuskarsa ake dubawa, kuma shi yana tashi ne da faɗin sau faɗin. Fuskar mai 12.7 ta kai murabba'in milimita 127, mai 14 ta kai 154, mai 11 kuma 95. A ido bambancin 12.7 da 14 bai kai milimita ɗaya da rabi ba, amma da takun ƙafa iri ɗaya matsin da ke isa baya ya ragu da wajen kashi 18 cikin ɗari. Abin da ƙafarka ke gaya maka ke nan.

In ka koma 11, matsin zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan na asali, sai dai matakin ma zai ƙara nisan tafiya da kusan haka kafin ya kama. Kamfani ya zaɓi 12.7 ne bisa girman fistin ɗin da ke matse faifai a baya da tsawon matakin. Ukun nan tare aka auna su.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Malam. To ai 11 ɗin kamar ya fi min ke nan, tunda kamu nake nema?

Wani mai zuwa Illela da babur:
Yayana kada ka yi. Na gwada a nawa bara. Cikin gari a kan kwalta daɗi gare shi, da ɗan yatsan ƙafa yake kamawa. Ranar da na sauka kwalta na shiga rairayi, taku ɗaya tayar baya ta kulle, gindin babur ya zagayo gabana, na tashi da gwiwa a saɓule. Lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, baya ta yi sako-sako, shi ya sa ba ta son birki mai zafin kamu. Kai da hanyarka ta gona rairayi ce, da damina kuma santsin laka, 11 ba naka ba ne. Ga shi in fad, wato abin da ke matse faifai, ya ci ko iska ta ɗan shiga, matakin sai ya kai ƙasa bai gama kamawa ba.

Baba bakanike:
Madalla da wagga shaida. Ɗana, tunda tsohon naka shina nan, kwance shi ka haska cikin da tocila. In bangon sumul yake, babu karce babu tsatsa, roba ce kawai ta mutu. Nemi kit na 12.7, wato kayan gyaran cikin masta, wurin masu kayan babur, in babu a sa a kawo maka daga Kano. In ya karce, sai ka nemi wani mai 1/2 ko da na wani kamfani ne, in dai ramukan ƙusoshi da sandar turawa sun zo daidai.

Abu biyu nika roƙonka. Kada a wanke robar da fetur, kumbura takai, da man birki za a wanke ta. Sannan a bar ɗan wasa tsakanin mataki da fistin. Akwai wani ɗan rami ciki, kamar bakin allura, ta nan mai ka komawa kwalba in ka ɗaga ƙafa. In anka ɗaure sandar har fistin ya rufe shi, zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ka wuce digiri 40, ya haɗu da zafin faifai, man ya buɗe bai da mafita, birki ya kama kanshi kana cikin tafiya. Na sha ganin faifan da ya koma shuɗi saboda haka.

Malamin kimiyya:
Ka duba murfin kwalbar, an rubuta irin man. In DOT 4 ne ka sa shi, sabo daga rufaffiyar gora, don man birki yana shan raɓa daga iska. Sabon DOT 4 bai tafasa ƙasa da digiri 230, DOT 3 kuma 205. DOT 5 jinsinsa daban, ba a haɗa shi da su.

Mai tambaya, bayan kwana biyar:
Jama'a na dawo da labari. Mun kwance tsohon, bangon lafiya lau, robar ciki ce ta tsage a baki kamar an ɗan yanke ta da reza. Kit ya iso jiya, an mayar, an cire iska, an bar wasan da Baba ya ce. Yau da safe na gwada a rairayin hanyar gona: yana kamawa a hankali, in na ƙara taku ya ƙara, tayar ba ta kulle ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mai lamba 14 ɗin yana wurina, duk wanda babur ɗinsa da shi ya zo daga kamfani ya yi min magana.