Kariyata ta fara ruɓewa daga gindi, a taimaka da shawara

Amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kariyar (shukar nan mai kumburarren gindi) da aka ba ni a tukunya wata uku da suka wuce, ganyenta ya koma rawaya yana zuba. Yau da safe na danna gindin, sai na ji ya lotsa kamar nunanniyar gwanda. Safe da yamma nake ba ta ruwa, ban taɓa fashi ba. Ta mutu ke nan?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ruwan ne ya yi mata yawa. Wannan kumburarren gindin shi ne randarta, a ciki take ajiyar abin shanta. Ki tumɓuke ta yau ɗin nan, ki kakkaɓe ƙasar, ki sa wuƙa mai kaifi ki yanke duk inda ya yi baƙi ko laushi, har sai kin tarar da fari tas. Kada ki ji tausayi, ɗan ruɓin da kika bari shi zai cinye sauran. Ki barbaɗa toka a wurin yankan, ki ajiye ta a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 10 kafin ki mayar.

Malam mai lambu: Hajiya ta faɗi gaskiya. In za ki mayar, ki canza ƙasa: yashin rafi kashi 2, ƙasar lambu kashi 1, da gutsattsarin gawayi. Tukunya kuwa ta ƙasa ta fi roba, kuma lallai a huda ƙasanta. Ki ɗan ɗaga gindin ya fito sarari. Ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙayau.

Inna daga Damagaram: Mu nan a tsakar gida take, rana na dukanta wuni guda, babu mai kula ta. Da hunturu sai ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, can sai ka wayi gari ka ga furanni ruwan hoda a kan reshe. Don haka zubar ganye kaɗai ba ciwo ba ne, laushin gindi ne abin tsoro.

Kawu: Ku yi hattara da ruwan jikinta fa. Dafi ne, maharba na dā da shi suke haɗa dafin kibiya. Ki sa leda a hannu in za ki yanka, kada ya taɓa ido, ki kawar da gutsattsarin daga yara da awaki.

Amarya: Na gode ƙwarai. Malam, in ba ta tashi ba, reshe zan dasa ko iri?

Malam mai lambu: Reshe ya fi saurin fure, amma gindinsa ba ya ƙiba kamar na iri. Kwanson irin bibbiyu yake fitowa kamar ƙahon bijimi. Ki ɗaure shi da zare kafin ya fashe, in ba haka ba iska ta kwashe. Sabon iri cikin mako guda yake tsirowa. Masu fure ninki-ninki da ake kawowa daga Tailan kuwa, aure aka yi musu a kan gindin wata, irinsu ba lallai ya gado launin uwar ba.

Amarya: Hajiya, na yanke. Kusan sulusin gindin ya tafi, amma sauran fari ne, da tauri.

Hajiya Babba: Madalla, za ta tashi in sha Allah. In kin mayar da ita, ki ƙara mako guda kafin ki ba ta ruwan farko.