An mayar da ni ɗakin gobe-da-nisa, wane karatu zan ƙara?

Maman Sadiq, Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu. Ni nas ce kuma ungozoma, na daɗe a ɗakin mata a wani asibiti nan cikin Kaduna. Da aka yi canjin wuraren aiki sai sunana ya faɗo a ɗakin gobe-da-nisa, inda ake kwantar da masu tsananin ciwo. Gado huɗu ne, bentileta (na'urar da ke taya mara lafiya numfashi) biyu, amma ɗaya ce ke aiki. Allura da sa robar fitsari da cika takarda ba su dame ni ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne na'ura ta fara kuka tsakar dare, likita yana can ɗakin tiyata, ni kuma na kasa gane ko majina ce ta toshe bututun numfashi, ko mara lafiyan ne ke kokawa da na'urar. Abokiyar aikina kuwa sai ta danna maɓallin da ke sa ta yi shiru, wai haka ta tarar ana yi.

Bana lasisina zai ƙare, dole in yi bitar MCPDP, wato bitar ƙaro ilimi da aka wajabta wa nas-nas da ungozomomi, kafin a sabunta min, kamar yadda muke yi duk shekara 3. Wadda na halarta a baya ta amfane ni, sai dai ba ta taɓo irin wannan aikin ba. An ce in nemi makarantar horar da nas-nas kan jinyar masu tsananin ciwo da ke asibitin koyarwa na Gwagwalada. To, kusan shekara guda ce, ga yara uku, ƙaramin ko firamare bai shiga ba, hutun ƙaro karatu kuma ba a banza ake samunsa ba. In daure in tafi, ko gajerun kwasa-kwasai sun wadatar?

Matron mai ritaya, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam 'yata. Wannan tsoron da kike ji alheri ne, wadda ba ta jin komai ita ce abar tsoro.

Bari in fara da abin da ba ya jiran Gwagwalada. In na'ura ta yi kuka, mara lafiya za ki fara kallo, ba allon ba. Ƙirjinsa na tashi ɓangare biyu? Bututun yana daidai lambar da aka rubuta a bakin leɓe, ko ya zame? Ya lanƙwashe, ko ya cije shi, ko majina ta cika shi? Oksijin bai ƙare ba? In kin duba kin rasa gane matsalar kuma awon oksijin yana sauka, cire shi daga na'urar, ki haɗa jakar Ambu (jakar hura iska da hannu) da oksijin, ki riƙa matsa masa da hannunki, ki aika a kira likita. Hannunki zai gaya miki abin da allon bai gaya miki ba: in jakar ta yi tauri, toshewa ce ko huhu ya samu matsala, in ta shiga salin-alin, ƙirji na tashi, awon oksijin na hawa, laifin na'ura ne. Kan gadon kuma ya zauna a ɗage, digiri 30 zuwa 45, don kada abin da ke ciki ya gangaro huhu.

Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da wannan aikin namu. Mu an koya mana in zuciya ta tsaya a fara da buɗe hanyar iska. A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta juya tsarin, aka koma fara danna ƙirji, aka kuma cire allurar atirofin daga maganin zuciyar da ta tsaya cik. Na yi aiki da mutanen kirki da suka kai ritaya suna yin na da, don ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu. Yanzu danni 30 ne, numfashi 2, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Karanta wannan a waya ba ya sa ki iya. Sai kin durƙusa kan mutum-mutumin roba har kafaɗunki sun yi tsami.

Gwagwalada kuwa, ki sa takarda. Yara ba sa hana karatu in akwai kaka.

Likitan sa barci, Barnawa:

Mama Matron ta gama magana, Allah ya ƙara girma. Sista, kada ki raina abin da kika taho da shi daga ɗakin mata. Mai ciki mai jijjiga da kika ɗaura wa maganisiyam, kina ƙirga numfashinta, kina buga gwiwa, kina auna fitsari kada ya gaza mil 30 a awa, ga makarinsa kalsiyam gulukonet a gefe: ai wannan ita ce jinyar mai tsananin ciwo. Na'urar ce kawai baƙuwarki.

Misali ɗaya kan dalilin sabunta ilimi. Mun taso da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannu da ƙafa sun yi sanyi, a zuba masa ruwa da gudu ta jijiya. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST, kan yara sama da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, sai ga shi waɗanda aka zuba wa ruwan da gudu sun fi mutuwa. Yara masu ciwon gudawa ba sa cikin binciken, su hukuncinsu daban. Wanda bai ji wannan ba zai ci gaba da cutar da yara da kyakkyawar niyya.

Ki fara da kwas ɗin BLS na farfaɗo da wanda zuciyarsa ko numfashinsa ya tsaya, shaidarsa shekara 2 take yi, sannan na ba da kulawar gaggawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tare da Red Cross, wanda aka yi shi domin asibitoci masu ƙarancin kayan aiki irin namu. In kin koya, ki leƙa ɗakunan kwanciya ki koya musu. Yawancin waɗanda ake turo mana sun daɗe da rikicewa a can: numfashi ya kai 22 a minti, awon jini na sama ya sauka 100, mutum ya fara sambatu, an rubuta a takarda an rufe.

Nas daga Zariya:

Da girmamawa ga manya, ni dai in faɗi tawa. Koyo a bakin gado yana da kyau, amma ranar ƙarin girma ba wanda zai tambaye ki ko kin iya matsa Ambu, takarda za a nema. Kuma gobe ana iya sake canjin wuri a mayar da ke ɗakin mata, in ba ki da shaidar ƙwarewa. Yaya, ki tafi makarantar. Sai dai ki karanta yarjejeniyar da asibitinku za su ba ki ki sa hannu, ki san shekara nawa za ki yi musu in kin dawo.

Maman Sadiq, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na kwafe bayaninki da biro na manna a jikin kabad ɗin magani, kuma tun daren jiya Ambu ta bar cikin durowa ta koma kan gadon mai bentileta. Na yi wa shugabar ɗakinmu maganar mu riƙa ɗaukar rabin awa duk Laraba bayan miƙa aikin safe, ta ce ba laifi in dai ba za a nemi kuɗin shayi ba. Maganar Gwagwalada sai mun zauna da maigida da Hajiyarsa, don ita za a bar wa yaran.

Likita, mutum-mutumin roba ne ba mu da shi. Akwai inda ake ba da aro a cikin gari, ko sai mun rubuta wa makarantar koyon jinya takarda?