Tsofaffin gem na kaset, wai har yanzu da masu su?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Kawuna ya taɓa zaman Ingila, ya dawo da kwamfuta ZX Spectrum da kwali guda na kaset ɗin gem, yanzu kayan sun dawo hannuna. So nake in juye su in ɗora a intanet, in ma ya yiwu in gyara ɗaya in sa mai Hausa saboda yaran da nake koya wa kodin a unguwa. Kamfanonin ai sun mutu tuntuni, akwai mai kama ni? Kuma ina ake samun sos kod ɗinsu, wato ainihin rubutun kodin da marubucin ya yi?

Malam Aboabo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kamfani na mutuwa amma haƙƙin mallaka ba ya binsa kabari, wani ne ke saye ko ya gada. Spectrum ɗin nan kamfanin Sinclair ya fitar da ita 1982, kamfanin Amstrad ya saye harkar 1986. Daga baya Amstrad ya yarda a riƙa raba ROM ɗinta, wato manhajar da aka dasa a cikinta, tare da emuleta, manhajar da ke kwaikwayon Spectrum a kwamfutar zamani, amma bai saki haƙƙinsa ba, kuma izinin bai shafi gem ba, kowanne da mai shi. Mu nan Gana dokar 2005, Act 690, ta haɗa har da manhajar kwamfuta, tsawon ran mai abu da ƙarin shekara 70. To lissafa ka gani.

Hajiya Tek: Ƙanena, yawanci sos kod ba ya cikin kaset ɗin fa. In da BASIC aka rubuta, wato yaren kodin mai sauƙi da ke cikin Spectrum ɗin, ka ci sa'a, buga MERGE "" maimakon LOAD "" don kar ya tashi da kansa, sannan LIST, za ka ga komai layi-layi. Amma yawancin na kasuwa 'yan layukan loda kawai za ka tarar, sauran duk yaren inji ne, lambobi zalla, ba suna ba bayani, sai ka zauna warwara har ido ya yi ja. Su kansu marubutan da yawa nasu ya ɓace, Jordan Mechner ma, wanda ya rubuta gem ɗin Prince of Persia, sai da babansa ya aiko mai wani kwali daga gida ya ga faifan Prince of Persia na Apple II a ciki, ya sa sos kod ɗin a GitHub, shafin da ake ajiye kod, 2012, kuma duk da haka gem ɗin na kamfanin Ubisoft ne, karatu kawai za ka yi. In don yara ne ɗauki GW-BASIC da Microsoft ya saki 2020, ko MS-DOS, lasisin MIT ne, ka gyara yadda ka ga dama.

Baba Sabon Zango: Ku dai kuna ta doka, kaset na can yana cin zafi da ƙurar Akra. Yaro, fara juye su a kwamfutarka tun ba su lalace ba. Ɗorawa a intanet ita ce mai magana, wannan nemo marubucin ka tura mai imel, wasu na nan da ransu kuma sukan yarda.

Ɗan Nima: Na gode iyayena. Yanzu saura rediyo mai kaset da ke aiki, wa ya san inda zan samu wajen Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah a Akra?