Wane abinci ya dace da Chardonnay, wane kuma ya dace da Pinot Noir?

Sabuwar Sabis ta rubuta:

Barkanku da war haka. Na fara koyon aikin sabis a wani gidan cin abinci, kuma cikin takardar abin sha da aka ba ni in haddace akwai giyar inabi iri biyu daga gidan Domaine Drouhin Oregon na Amurka, wato farar giya ta Chardonnay mai suna Arthur da jar giya ta Pinot Noir mai suna Laurène. Ƙa'idar da aka koya mini ita ce fara tana tafiya da kifi, ja kuma da jan nama. Amma na lura shugabanmu yakan ba baƙo shawarar Pinot Noir idan ya zaɓi kifin salmon, alhali ja ce. Ina roƙon waɗanda suka riga ni cikin sana'ar su bayyana mini dalili, domin ba na son in riƙa faɗa wa baƙo abin da ni kaina ban fahimta ba.

Mai Tambulan ya amsa:

Ƙanwata, shugabanki yana kan daidai, kuma ƙa'idar da aka koya miki ba ƙarya ba ce, illa dai an faɗa miki hukuncin ba a faɗa miki dalilinsa ba. Abin da ke hana jar giya tafiya da kifi ba launinta ba ne, baurinta ne. Baurin yana fitowa daga sinadarin tanin da ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa, shi ne irin abin da kike ji yana ɗaure miki baki idan ganyen shayi ya daɗe cikin ruwan zafi. Idan giya mai bauri sosai, kamar Cabernet Sauvignon, ta haɗu da kifi, sai ƙarnin kifin ya tashi, bakin mutum ya ɗauki wani ɗanɗano kamar na ƙarfe.

Inabin Pinot Noir kuwa ɓawonsa siriri ne, shi ya sa launin giyarsa bai cika duhu ba, har kina iya hango yatsunki ta cikin tambulan, baurinta kaɗan ne, tsaminta kuma da ɗan yawa. Salmon kifi ne mai maiƙo da tsoka mai kauri, musamman idan an gasa shi fatar ta yi gardi, don haka tsamin giyar yana wanke maiƙon ba tare da ya danne kifin ba. A jihar Oregon wannan haɗin sananne ne ƙwarai, har gashin salmon ya zama babban abin da aka san bikin Pinot Noir na garin McMinnville da shi, bikin da aka fara a 1987. Saboda wannan dalili dai giyar take dacewa da agwagwa, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, domin ban da ƙamshin ceri tana da wani ƙamshi na jiƙaƙƙiyar ƙasa da yake ƙaruwa idan kwalbar ta kwana biyu.

Uwar Girki ta amsa:

Ni ta ɓangaren kicin zan yi magana. 'Yata, kafin ki dubi naman, ki tambayi masu girki da me aka haɗa romon da aka zuba masa, domin sau da yawa romon ne yake yanke hukunci. Kaza ɗaya ce, amma idan an dafa ta da kirim da man shanu, Chardonnay za ki miƙa, idan kuma an dafa ta cikin jar giya da albasa, kamar girkin coq au vin na Faransa, to Pinot Noir ce abokiyarta.

Sannan Chardonnay ba fuska ɗaya gare ta ba, kuma a nan ne na fi ganin sababbin masu sabis suna tuntuɓe. Ta yankin Chablis, a arewacin lardin Burgundy na Faransa, galibi ba ta daɗewa cikin sabuwar gangar katako, tana fitowa da kaifin tsami, ita ake sha da ɗanyar kawa da farin kifi da aka matsa wa lemun tsami. Ta ƙauyen Meursault kuwa, shi ma a Burgundy, takan zauna cikin gangar itacen oak mai cin lita 228, kuma ana barin wasu ƙwayoyin halitta su juya tsaminta mai kaifi ya koma mai laushi irin na madara, daga nan ne ƙamshin man shanu yake samuwa. Irin wannan tana son abinci mai nauyi kamarta. Arthur ɗin da ke hannunki tana tsakiyar waɗannan biyun, don haka gasasshiyar kaza, da jatan lande da aka soya da man shanu, da cukun Comté duk za su karɓe ta. Abin da ba zan taɓa ba da shawararsa ba shi ne haɗa ta da abinci mai yawan barkono, domin barasa tana ƙara wa yaji zafi, ƙamshin katakon kuma sai ya koma ɗaci.

Ɗan Karatu ya amsa:

Na yarda da Malam Mai Tambulan, amma ina da ƙari kan maganar salmon. Idan dafa shi aka yi cikin ruwa aka kawo shi da romon man shanu, ba gasawa ba, ni Chardonnay zan zaɓa, domin babu gardin wuta da Pinot Noir za ta jingina da shi.

Akwai kuma tarihin da zai amfane ki idan baƙo ya tambaya me ya haɗa sunan Faransa da Oregon. Iyalin Drouhin suna harkar giya a garin Beaune na Faransa tun 1880. David Lett na gidan Eyrie ya dasa Pinot Noir a kwarin Willamette na Oregon a 1965, kuma giyarsa ta 1975 ta zo ta biyu a wata gasar ɗanɗano da Robert Drouhin ya shirya a Beaune a 1980. A 1987 Robert ya sayi fili a tsaunukan Dundee da ke wannan kwarin, 'yarsa Véronique kuma ta haɗa giyar farko ta gidan a 1988. Sanyin yankin shi ne yake hana inabin nuna da gaggawa, shi ya sa tsamin da muke ta magana a kansa bai ɓace ba.

Sabuwar Sabis ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Saura tambaya ɗaya: idan baƙi biyu suka zaɓi abinci daban, ɗaya kifi ɗaya nama, kuma kwalba ɗaya suke so fa?

Mai Tambulan ya amsa:

Idan naman agwagwa ne ko kaza ko ɗan maraƙi, kifin kuma mai maiƙo ne kamar salmon ko tuna, ki miƙa Pinot Noir, amma ki kula da sanyinta. Ta fi kyau a wajen digiri 14 zuwa 16, don idan ta yi ɗumi barasar ce take fara bugun hanci, ta rufe ƙamshin. Idan kuwa kifin fari ne mai laushi, naman kuma kaza ce, Chardonnay ta fi, a kan digiri 11 zuwa 13, ba da sanyin ƙanƙara ba. Inda ɗaya ya zaɓi farin kifi ɗaya kuma gasasshen naman sa mai kitse, ki gaya musu cikin ladabi cewa tambulan ɗaya ga kowa, kowanne da irin tasa, zai fi musu kwalba guda.