Bes yana ɓacewa da na fita daga ɗaki, ku taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa kiɗa. A unguwar Nima ta Accra nake, ɗakina ƙarami ne, sifikun monita suna kusurwa manne da bango saboda ba wuri. In ina miksin a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, bes, wato sautin ƙasa mai kauri, sai ya cika ɗaki har gilashin taga yana rawa, sai in rage bes ɗin wajen 100 Hz a ikwalaiza, wato abin daidaita sauti, amma da na sa waƙar a trotro, wato motar haya, sai in ji ta bushe kamar gwangwani, wallahi sati uku ke nan abin yana damuna. In bar ikwalaiza a miƙe ba tare da rage komai ba in janye sifikun daga bango ne, ko in koma hedifon? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya nuna min hanya.