Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin baya, ekstenda zan saya ko me?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Rauta ɗaya gare mu, tana falo bayan talabijin. A falon intanet lafiya lau, amma ɗakin baya inda kwamfutata take sigina sanda ɗaya ce, wani lokacin ta ɓace ɗungurungum. Bango uku ne tsakani, duk na siminti. Na yi niyyar sayen ekstenda (na'urar da ke ƙara wa Wi-Fi nisa), wani ya ce asara ce. Akwai kuma tsohuwar rauta a ajiye. Yaya zan yi?

Wani memba: Wa alaikumus salam. Malam, fara fito da ita daga bayan talabijin ɗin nan, ka ɗora ta sama a fili, kusa da tsakiyar gida. Sannan ka duba, idan tana da 2.4 GHz da 5 GHz, ɗakin baya ya hau 2.4. Na 5 ya fi gudu, amma bango na cinye shi da wuri.

Wata 'yar'uwa: Ni ekstenda nake amfani da ita, ban ga laifinta ba.

Wani memba: Hajiya, ke wataƙila bango ɗaya ne. Ekstenda abin da ta samu shi take maimaitawa, in ta karɓi sigina mai rauni, mai raunin za ta ba ka. Ekstenda masu rediyo ɗaya kuma suna karɓa suna turawa a tasha guda, don haka gudun kan ragu kusan rabi. Malam, maganinka na cikin durowarka, wato tsohuwar rautar nan. Ja kebul na Cat5e ko Cat6 daga falo zuwa ɗakin. Yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, bango bai dame shi ba. Kafin ka haɗa, shiga saitin tsohuwar rautar ka kashe DHCP (abin da ke raba wa na'urori adireshi), ka ba ta adireshi a layin babbar: in waccan 192.168.1.1 ce, wannan ta zama 192.168.1.2. Kebul ɗin a ramin tsohuwar da aka rubuta LAN za ka soka shi, ba WAN ba. Kwamfutar ma jona ta da waya kawai, Wi-Fi ɗin ka bar wa wayoyin hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ja kebul jiya, kwamfuta tana gudu sosai. Sai dai wayoyi suna nuna sun haɗu, amma shafi ba ya buɗewa.

Wani memba: Ina kyautata zaton DHCP ɗin bai mutu ba, rautoci biyu ke raba adireshi, wayar da ta karɓi na tsohuwar sai ta rasa hanyar fita. Koma ka kashe, ka danna ajiye saiti, ka kashe ta ka kunna. Tunda kana ciki, sa rauta ɗaya a tasha (channel) ta 1, ɗaya a ta 6 ko 11 don kada su riƙa karo, ka sa tsaron WPA2 ko WPA3, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani.

Mai tambaya: Wallahi ajiyewar ce ban danna ba. Yanzu har bidiyo yana tafiya a ɗakin. Allah ya saka da alheri.