Neman shawara: na kwance bawul ɗin tururi na mayar, ya ƙi rufewa

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ina aikin gyara a wata ƙaramar masana'antar tatsar man gyaɗa nan Damagaram. Tukunyar tururinmu tana aiki a kan bar 8, kuma akwai bawul guda mai daidaita tururin da ke shiga wurin dafa gyaɗa kafin a matse ta. Irin wanda iska ke buɗewa ne, in iska ta ɗauke sifirin ya rufe shi. A jikin farantinsa an rubuta DN50, PN25, tafiyar sanda milimita 15, faɗin fatar roba santimita murabba'i 350, sifirin bar 0.8 zuwa 2.4.

Ya fara yoyo ta wuyan sanda, sai na kwance shi ranar da muka tsaida aiki. Na wanke matoshi da mazauninsa da kejin, na canza zobban da ke toshe wuyan sanda da igiyar girafit da na samu a kasuwa, na mayar da juwan ɗin murfi na da, wato zoben da ke hana yoyo tsakanin murfi da jikin bawul, tunda ban ga ya yage ba, na ɗaure komai. Yanzu matsala ta zama uku. Ko an ba shi umarnin rufewa tururi na wucewa, zafi sai hawa yake har gyaɗa ta kusa ƙonewa. Sanda kuma ba ta tafiya sumul, sai ta maƙale sannan ta yi tsalle. Ga kuma ɗan tururi na fita ta gefen murfi. Maigida ya ce a aika Kano a sayo sabo. Ni kuwa ina ganin bawul ɗin bai mutu ba. Don Allah a taimaka mini.

Mai Gareji Zongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin ba shi da wuya. Sa babban kile ka ƙara ɗaure bulon ɗin murfi, ka shafa gam mai jure zafi a bakinsa. Matoshi kuma ka sa masa maganin goge bawul ka murza shi da injin huda, kamar yadda muke yi wa kan injin mota. Zai zauna daram.

Baba Tsohon Injiniya:
Ɗana, kada ka sa kile a jikin bawul ɗin nan alhali akwai tururi a ciki. Tururi mai bar 8 zafinsa ya kai digiri 175, kuma inda yake fitowa daga ƙaramar kafa ido ba ya ganinsa sai ya yi nisa kaɗan. Malam mai gareji, na san taimako ka nufa, amma wannan ba kan injin mota ba ne. Rufe bawulolin hannu na gaba da na baya, ka sa musu kwaɗo ka riƙe makullin a aljihunka, ka buɗe magudana har agogon matsi ya sauka sifili, ka bar ƙarfe ya huce. Ko bayan haka, in za ka cire murfi, sassauta bulon kamar milimita 3 kawai, ka ɗan ɗaga murfin ya rabu da jiki tukuna. In akwai matsin da ya ɓuya a ciki, zai fita alhali bulon na riƙe da murfi.

Kafin ka kwance komai ma, yi wannan gwajin. Cire tiyon iska daga kan bawul gaba ɗaya, ka saurari bututun da ke bayansa. In tururi ya tsaya, to ƙarfen lafiya lau yake, na'urar daidaita buɗewa, wadda ke auna iskar da ake ba bawul, ita ce ke barin iska a ƙarƙashin fatar roba. In bai tsaya ba, matsalar tana cikin yadda aka haɗa shi, kuma zargina na farko yana kan mahaɗin sanda biyu, wato ƙarfen nan mai ɓari biyu da ke kama sandar bawul da sandar kan iska (ɓangaren sama mai fatar roba da sifirin).

Bari in yi maka lissafi da lambobin da ka kawo. Mu ɗauka ramin mazauni milimita 50 ne, faɗinsa ya kusa santimita murabba'i 20. Tururi mai bar 8 yana tura matoshi sama da nauyin kusan kilo 160. Sifirin ɗinka kuma, 0.8 sau 350, yana danna ƙasa da kusan kilo 280. Ka ga rarar da ke rufe bawul ɗin kilo 120 ce, a cikinta kuma igiyar wuya za ta ci nata rabo. Wannan kilo 280 ɗin ba zai sauka a kan mazauni ba sai in an haɗa sandunan a daidai tsawo. Idan ka haɗa su ba iska a ciki, sandar sama ta riga ta kai ƙarshen tafiyarta, ƙarfin sifirin duka yana kan tokarar da ke cikin kai, matoshi taɓa mazauni kawai yake yi. A ido a rufe yake, amma tururi na zuwa zai ɗaga shi.

Ga yadda ake yi. Ka tura sandar bawul ƙasa da hannu har matoshi ya zauna. Ka ba kan iska matsi ta rigileta har sandarsa ta kai sama ƙarshe, ka yi alama. Ka rage iska a hankali har ta sauko milimita 15 cif, agogo zai nuna wajen 0.8. A nan za ka ɗaura mahaɗi, haƙoran zare su shiga juna sosai a ɓangarorin biyu. Sannan ka saki iska. Kuma in za ka juya sanda don gyara tsawo, ɗaga matoshi da iska tukuna. Juya shi a kan mazauni alhali sifirin na danne da shi yana yi wa fuskar ƙarfen zane, shi ke nan ka sayi sabon aiki.

Ɗan Garin Malam:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Lallai ba iska lokacin da na haɗa su, kwamfuresa a kashe take saboda kuran ya ɗauke. To maganar juwan fa?

Yaya na Sabon Gari:
Ƙanena, juwan ɗin nan in irin mai naɗaɗɗen ƙarfe da girafit ne, sau ɗaya ake ɗaure shi. Rashin yagewa ba shaida ba ce. Aikinsa shi ne ya lotsa ya kuma riƙa turowa, wanda aka taɓa matsewa kuwa ya riga ya kwanta. Abin da mutane ba su lura da shi ba, a bawul mai keji bulon ɗin murfi ba murfi kaɗai yake riƙewa ba. Murfi na danne keji, keji na danne zoben mazauni, mazauni na danne wani juwan da ke ƙarƙashinsa. In na sama ya kwanta, na ƙasa ma ba ya samun matsi, sai tururi ya zagaya ta ƙarƙashin mazauni ya wuce, ko da matoshi ya zauna daidai. Wato yoyon murfi da ƙin rufewa suna iya zama ciwo ɗaya. Canza su duka, na sama da na ƙasa.

Wajen ɗauri, goge fuskokin tas, kada ka kankare da suku direba. Shafa wa zaren bulon man hana kamewa mai jure zafi. Fara da hannu, sannan ka ɗaure ɗaya, ka tsallaka ka ɗaure na daura da shi, zagaye uku, kana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan har adadin da littafin bawul ya faɗa. Tsakanin zagaye ka riƙa motsa sanda sama da ƙasa da hannu. In ta fara ciza, murfi ya karkace, sassauta ka sake. Ka kuma duba kibiyar da ke jikin bawul ta bi hanyar tururi, in har ka taɓa cire shi daga layi. Gam kuwa kada ya kusanci wurin, zai ɓantare ya shiga tarkon ruwa, wato abin da ke fitar da ruwa daga layin tururi, ya toshe shi.

Mai Gareji Zongo:
To na janye maganar gam. Amma goga fa? Ai ko ku kuna yi.

Baba Tsohon Injiniya:
Muna yi, Malam, amma da hannu, kuma sai in zanen ba shi da zurfi. A shafa ɗan magani mai laushi a bakin matoshi, a mayar da keji da murfi su riƙe sanda a tsaye, ba tare da kan iska ba, a riƙa juyawa kaɗan hagu da dama da nauyin matoshin kansa, a ɗaga a canza wuri. In an gama a wanke tas, a shafa tawadar maka a bakin, a ɗan zaunar da shi: in tawada ta goge a siririn zobe da ya zagaye ba yankewa, ya yi. Injin huda zai faɗaɗa wurin zama, kuma in wurin ya yi faɗi ƙarfin sifirin yana bazuwa, rufewa ta ragu. Idan ka ga tururi ya yi wa ƙarfen kwari har farce na maƙalewa a ciki, goga ba ta fid da shi, sai sabo.

Hajiyar Na'urori:
Ni wajen tsallen sanda zan yi magana, ɗan'uwana. Kusan kullum matsewar igiyar wuya ce. Girafit ya dace da tururi, sai dai yana kama sanda fiye da zobban tefulon, shi ya sa yake son a bi shi a hankali. Kowane zobe a yanka shi daban daidai kaurin sanda, ba a naɗa igiya ɗaya kamar rawani ba. A sa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a danna shi ya zauna, kuma bakin yankan kada ya faɗa kan na ƙasa da shi, a karkatar da shi rubu'in zagaye. Noti biyun da ke matse su a ɗaure su daidai wa daida, iya yadda yoyo zai tsaya, a motsa sanda sau da yawa, a sake dubawa bayan ya yi zafi. In aka matse fiye da kima, na'ura za ta yi ta ƙara iska sanda ba ta motsa ba, can sai ta kufce ta wuce inda ake so, na'ura ta sake juyowa. Haka zafin tukunyarka zai yi ta hawa da sauka. Ka kuma shafa sandar da yatsa. In akwai zane ko ƙananan ramuka a inda take wucewa cikin igiya, duk igiyar da ka sa za ta cinye ta.

Bayan Baba ya sa ka gyara mahaɗi, dole a sake saita na'urar daidaita buɗewa, don tsawon da ta sani ya canza. Ba ta siginar lantarki ta miliamfa 4, 8, 12, 16 da 20, ka duba sikelin da ke jikin bawul: a rufe, rubu'i, rabi, kashi 75, a buɗe. A kan 12 hannun da ke bin sanda ya kamata ya kwanta a miƙe. A kan 4 kuma agogon iskar da ke zuwa kan bawul ya faɗi sifili, ba 0.5 ba, in ba haka ba kana rage wa sifirin ƙarfi da hannunka. Hau da shi, ka sauko da shi, ka ga ko yana tsayawa wuri ɗaya a duka biyun.

Sai iska. Da hunturu kowa ya san ƙurar da ke shiga ko'ina a garin nan, da damina kuma tankin kwamfuresa ruwa yake tarawa. Kafofin da ke cikin na'urar nan ƙanana ne ƙwarai, ɗigon mai ko ƙura ya isa ya sa ta hauka. Ka riƙa zubar da ruwan matatar rigileta, ka duba abin tacewar.

Abu ɗaya kuma ka gaya wa maigidanka. Bawul mai ƙarfe kan ƙarfe, ko sabo fil, yawancinsu aji na 4 ne a ma'aunin yoyo, wato an yarda ya wuce da kashi 0.01 cikin ɗari na abin da yake iya ɗauka. Aikinsa daidaitawa ne. In ana so a yanke tururi ɗungurungum, bawul ɗin hannu ake rufewa.

Malam na Birni:
Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ya lalace tun farko. Duba matatar da ke gaban bawul, ka duba tarkon ruwa. Jiƙaƙƙen tururi da tsatsar bututu su ne ke cin mazauni. In ruwan foraj kuke zuba wa tukunya ba magani, za ka sake kwance shi ba da jimawa ba. Kuma tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011 garin nan ya samu mutanen da suka san irin waɗannan bawuloli ciki da waje. Ka nemi ɗaya ranar hutunsa ya tsaya maka wajen saitin, da abin ba da miliamfa nasa. Kuɗin shayinsa bai kai na motar Kano ba.

Ɗan Garin Malam:
Ga bayani, iyayena. Na cire tiyon iska, tururi bai tsaya ba. Muka rufe layi, ya huce, na sake haɗa sanduna yadda Baba ya ce, na sassauta igiyar wuya. Wucewar tururi ta ragu sosai, tsallen ma ya tafi. Saura yoyon murfi, juwan zan jira. Amma Hajiya ta yi gaskiya, sanda na da zane mai tsawo. Matoshin kansa lafiya lau. Wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya ce zai yi mini sabuwar sanda. In yarda? Kuma ina so in buɗe kan iska in duba fatar roba tunda na riga na fara.

Baba Tsohon Injiniya:
Fatar roba ka bar ta in ba yoyo take ba. Gwada ta da kumfar sabulu a ƙofar shaƙar iska ta sama alhali akwai matsi a ƙasa. In kumfa ba ta tashi ba, kada ka taɓa. Sifirin ɗin ciki a matse suke da wannan kilo 280 da muka lissafa. In dole sai an buɗe, gajerun bulon ake fara cirewa, dogayen su ne na ƙarshe, a sassauta su tare kaɗan-kaɗan har sifirin su saki.

Sanda kuma, ba ƙin mai sassaƙa nake ba, amma sai ya samu ƙarfe marar tsatsa irin na asali, ya kuma goge ta ta yi sulɓi kamar ta kamfani, wanda ba kowane inji ke iyawa ba. Gara ka ɗauki hoton farantin, lambar siriyal ta fito sosai, ka aika wa masu kayan masana'antu a Kano. Ka nemi sanda da matoshi a haɗe da ƙusarsu, cikakken saitin juwan, da zobban girafit da aka riga aka sarrafa daidai girman wuyan. Kafin su iso, a rage matsin tukunya in aiki zai yarda, a kewaye wurin, kada yaran da ke ɗaukar buhu su riƙa bi ta gefen murfin.